Maudu'in da Yahuza Ya Saro

A gidan Alhaji Ja'afaru mai kayan gini, a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, ba a taɓa haifar ɗan da kasuwa ta ƙi kamar Yahuza ba. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ubansa ya gane haka. In aka zaunar da shi a shago, mai saye ya zo neman ƙusar kwano, sai ya tarar da shi ya dulmuya cikin tsohuwar jaridar da aka ajiye don ƙunshe ƙusar. Sau biyu ana ɗauke kwaɗon kulle ƙofa a gabansa bai ɗaga kai ba. Alhaji bai doke shi ba, don shi ba mai duka ba ne, mai magana ne, maganarsa kuma ta fi bulala zafi. Ya dai ce wa uwar yaron wannan ɗa nata a bar wa boko shi, ko da sadaka ce. Ƙaninsa Rilwanu aka riƙe a shago, wanda tun yana ƙarami in ya damƙi ƙusa a tafin hannu zai faɗa maka nauyinta ba sai an ɗora a sikeli ba.

Boko kuwa ta karɓi Yahuza hannu bibbiyu. Ya gama sakandare, ya shiga jami'a ya karanci ilimin zamantakewa, abin da har yau ubansa bai iya bayyana wa abokansa ba. In sun tambaya sai ya ce yaron halin mutane yake karantawa, su kuma su ce ai wannan a kasuwa kyauta ake koyonsa. A tsakiyar shekarar 2013 ya tafi Ngaundere ta ƙasar Kamaru neman digiri na biyu, da jaka ɗaya da alkawarin dawowa hutun ƙarshen shekara. Kafin hutun ya zo Bangui ta kama da wuta. Musulmin garin da ba su sami motar gudu ba suka tattaru a Kilomita Biyar, unguwar ta zame musu mafaka, ta kuma zame musu kurkuku, tsallake gadar da ke bakinta ya zama sayar da rai. Alhaji ya buga masa waya ya ce kada ya kuskura ya dawo, in kuwa ya dawo bai yafe ba. Yahuza ya zauna. Shekara huɗu ya yi a can yana sauraron labarin garinsu a rediyo.

A shekara ta biyu aka sake buga masa waya, aka ce Rilwanu ya rasu. Hanyar maƙabartar Musulmi a toshe take a lokacin, don haka a bayan gida aka binne shi, jikin katanga, kamar yadda wasu gidajen suka yi da nasu. Da Yahuza ya dawo a 2017 ya tarar da tudun ƙasa an kewaye shi da jan bulo, mata suna shanya a igiyar da ta ratsa gefensa. Ya tambayi yadda abin ya faru. Uwarsa ta fashe da kuka ta tashi ta bar masa ɗakin, kuma har Allah ya karɓi ranta bayan shekara biyu ba ta taɓa ce masa ko kalma a kan batun ba. Ubansa ya ce kwanansa ne ya ƙare, ya ci gaba da jan carbi. Duk wanda ya tambaya a waje amsa ɗaya yake ba shi, cikin tausayi, ba da gatse ba: ai lokacin ba ka nan. Wannan "ba ka nan" ta yi ta binsa shekara da shekaru.

Aikin da ya samu shi ne koyarwa a jami'a, irin wadda suke kira vakater, wato malamin haya: a kira ka in ana bukata, a sallame ka in zangon karatu ya ƙare, ba ofis, ba kujera, ba sunanka a ƙofar kowa. Kowace safiya yakan hau babur daga bakin kasuwa da rigarsa mai guga, ya isa aji da jan taɓo a ƙafar wando. Ya auri Ikram, 'yar unguwar Kokoro da ke maƙwabtaka da su, mai ɗinki, wadda Hausarta ta ciniki ce, in ranta ya ɓaci kuma sai ta koma Sango, harshen ƙasar. Suka haifi 'yan mata biyu, waɗanda in ya yi musu Hausa sai su amsa masa da Sango suna dariya. Ɗaki biyu aka ba su a gidan Alhaji. Mutanen unguwa tuni suka raɗa masa Dokta, tun bai ko cike takardar neman digirin ba, kuma ba mai iya rantsewa ko girmamawa ce ko zolaya. Shi dai ya san ba za a taɓa ba shi kujerar dindindin ba sai da digiri na uku. Ga shi ya cika talatin da takwas, furfura ta fara leƙe a gemu.

Ba wai bai san abin da yake son rubutawa ba. Ya sani sarai. Akwai wani tsoho, Malam Uwaisu, tsohon dillalin shanu, da yake zama a inuwar wani shago bayan Masallacin Juma'a. Wannan tsoho ya san hanyar da kowane gida na Hausawan unguwar ya biyo: wanda kakansa ya taso daga Kano da jakin kanwa, wanda nasu ya fito daga Damagaram, inda suka yada zango a Yola, shekara nawa suka yi a Ngaundere, wa ya tsaya a hanya ya yi aure bai ƙaraso ba. In ya fara, sai ka rantse da shi aka yi tafiyar. Shekara biyar Yahuza yana zuwa wurinsa duk Juma'a bayan an sauko, da goro da littafin rubutu, har ya cika littafi bakwai. A ransa wannan shi ne digirinsa: yadda Hausawa suka iso bakin kogin Ubangi, da yadda harshensu ke zamewa daga bakin jikokinsu. In yana maganar abin har muryarsa takan canza.

Ranar da ya kai wa Farfesan da zai duba aikinsa wannan shawara, mutumin ya saurare shi har ƙarshe, abin da ba kasafai yake yi wa kowa ba. Dattijo ne mai kirki wanda gajiya ta cinye, ya yaye ɗalibai da yawa, ya kuma ga inda suka ƙare. Ya juya littafi na farko shafi-shafi, ya ce aiki ne mai kyau, shi kansa zai so ya karanta. Sannan ya cire tabarau ya tambayi Yahuza 'ya'yansa nawa. Ya ce a ɗakinsa akwai kundi goma sha wani abu masu kyau irin wannan, masu su wani yana tuƙa taksi, wani yana sayar da katin waya. Amma akwai wata ƙungiya ta ƙasar waje da za ta ɗauki nauyin ɗalibai uku, sharaɗinta ɗaya, binciken ya kasance kan zaman tare bayan rikici. Ɗan Kilomita Biyar mai Hausa da Sango da Faransanci, wanda kuma rikicin ya taɓa gidansu, ai ko gardama ba za a yi a kansa ba. Wanda ya yi wannan, in jami'a ba ta ɗauke shi ba, ƙungiyoyi za su yi rububinsa.

"Duk masu binciken da ke zuwa, a bakin gada suke tsayawa," in ji Farfesa. "Kai a ciki kake kwana. Wannan jari ne, Yahuza, kada ka zauna a kansa."

Ya dawo gida da kai mai nauyi, ya yi abin da bai saba ba, ya nemi shawarar ubansa. Alhaji Ja'afaru, da ya shekara ashirin yana jiran ranar da boko za ta zo ta durƙusa gaban kasuwa, ya gyara zama. Ya ce shi bai san digiri ba, amma ya san sari. Shekara arba'in yana sa a ɗauko masa kaya daga Duwala ta Kamaru, bai taɓa saro abu don yana sonsa ba. Shi shuɗin fenti yake so, amma fari ake nema, fari yake sarowa. Kafin ɗan kasuwa ya aika a kawo kaya, sai ya zaga kasuwa ya ji abin da masu saye ke tambaya ba sa samu. Wanda ya cika shago da abin da ransa ke so, shi da ɓeraye za su yi gadinsa.

To, Yahuza ɗan Alhaji ne, ko da kasuwa ta ƙi shi. Ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ya fita zagayen kasuwa. Mako uku yana bin ƙofofin ƙungiyoyin agajin nan masu fararen motoci, yana tsayawa cikin rana tare da sauran masu neman aiki, yana karanta takardun da aka liƙa a allo. Har sabon littafi ya saya yana rubuta abin da kowace sanarwa ke nema. Ba wadda ta nemi wanda ya san hanyar fatake. Magana uku ce ko huɗu ke ta dawowa, zaman tare, sulhu, juriyar al'umma, kamar duk mutum ɗaya ne ya rubuta su. Ya tambayi Ikram. Ta ce ita ko kan kwaɗin Ubangi zai rubuta bai dame ta ba, in dai abin zai fitar da ita daga ɗaki biyu, ta daina jin tarin surukinta ta bango. Ya yi istihara har sau uku, bai ga komai ba, bai ji komai ba. Ranar ƙarshe ta miƙa takardu ya zuba littattafan nan bakwai a akwati, ya gaya wa kansa ajiya ce ta shekara uku, ya rubuta maudu'in da ake nema.

Aka ɗauke shi ba gardama, kamar yadda Farfesa ya ce. Aka ba shi kwamfuta da 'yar na'urar ɗaukar murya, aka kai su wani otal kwana biyar ana koya musu ƙa'idar aiki, ana ba su shayi sau biyu kafin azahar. Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya. Duk wanda za a yi hira da shi sai an karanta masa wata takarda, ya rubuta sunansa, ya sa hannu, alamar da yardarsa ya yi magana. Takardar ta yi alkawarin ba wanda zai ji abin da ya faɗa sai wanda shi ya amince da shi. Hira sittin ake so a shekarar farko, kowace da takardarta. In ba su cika ba tallafi ya tsaya, maudu'in da aka riga aka yi wa rajista kuma ba a canza shi sai an koma farko. Yahuza ya ji sittin ya yi murmushi. Tsakanin gidansu da bakin kasuwa kawai, mutum sittin ne ke gaishe shi kafin ya sami babur. A nan ya yi kuskuren da baƙo ba zai taɓa yi ba, Farfesa da Alhaji kuma duk suka taya shi: ya ɗauka sanin mutane shi zai buɗe masa bakinsu.

Ba wanda ya kore shi, abin takaicin ke nan. Da an kore shi da ya san inda ya tsaya. Duk shagon da ya shiga sai a kaɗe masa benci, a sayo masa gasasshen nama, a dafa shayi, a sa masa albarka, a ce unguwa na alfahari da shi. Za a yi masa hirar tsadar siminti da lalacewar hanyar Kamaru da rashin wutar lantarki har a gaji. Da ya zuge jaka ya fito da takardar, sai mai shago ya tuna ana jiransa a wurin sauke kaya. Wani tela ya ce tabarau ɗinsa ya ɓata, shi kuma ba ya sa hannu a abin da bai gani ba; da aka ce a karanta masa, ya ce kunnen ma sai a hankali. Wata hajiya mai atamfa ta karɓi takardar da hannu biyu ta ce za ta nuna wa maigida, maigidan kuwa shekara shida ke nan da rasuwa.

Ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya bar na'urar a gida, bai canza komai ba. Ya roƙi ƙungiyar ta bar shi ya yi hira ba sa hannu, aka amsa masa da wasiƙa mai shafi biyu cewa ƙa'ida ƙa'ida ce. Abin da ya ƙara tayar masa da hankali, sauran ɗalibai biyun da aka ɗauka tare da shi, da aka tura su garuruwan da ba su san kowa ba, kowannensu ya haura hira ashirin. Ya fara zargin kansa, ko tambayoyinsa ne ba su da kyau, ya sake rubuta su har sau huɗu.

A wata na biyar ne Hussaini mai sayar da wayoyi, wanda suka yi firamare tare, ya gaji da ganinsa yana yawo da jaka. Ya ja shi bayan kanti, ya rage murya, ya gaya masa abin da kowa ya sani ban da shi. A shekarun nan ba daga waje kaɗai aka cuci unguwa ba. Samarin da suka ɗauki bindiga da sunan kare ta, wasu sun kare ta ɗin, wasu sun yi abin da ba ya faɗuwa, wasu sun yi duka biyun a rana ɗaya. Yau ga su nan, wannan mai babur, wancan ɗan dako, wani ma surukin gidan da ya taɓa shiga da bindiga. Kowa ya san na kowa. Abin da ya riƙe unguwar ba sulhun da ake liƙawa a allo ba ne, shiru ne, kowa kuma yana riƙe da nasa ɓangaren.

"Dokta, ba takardar ce kaɗai ba," in ji Hussaini. "Kai ne. In na gaya maka, ina za ka kai shi? Nan za ka zauna da shi. Matarka 'yar Kokoro ce, 'ya'yanka da namu makaranta ɗaya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Yahuza ya ce ai zai ɓoye sunaye, haka ƙa'ida ta ce. Hussaini ya dube shi da tausayi ya ce ya ji zai ɓoye wa masu karatu, to kansa fa, yaya zai ɓoye wa kansa?

Juma'ar wannan makon ya ji yana bukatar ya zauna inda ake son tambayarsa. Ya sayi goro ya nufi wurin Malam Uwaisu, wanda ya yi wata biyar bai leƙa ba. Ba takarda ya je da ita ba, amma jakar tana kafaɗarsa, labarin jakar kuma ya riga shi isa. Tsohon ya karɓi goro ya yi godiya, ya dubi jakar, ya dubi titi. Yahuza ya tuna masa inda suka tsaya, batun wani ayari da ya rabu biyu kafin ya iso Bangui. Malam Uwaisu ya ce tsufa ya zo, kan ba ya riƙe komai yanzu. Ya ƙara da cewa su dai a nan aka haife su, iyayensu ma a nan, 'yan ƙasa ne kamar kowa, shi bai san wata Kano ba. Mutumin da ya shekara biyar yana lissafa masa zango-zango ke nan. Yahuza ya gane tsohon tsoro yake ji, kada asalin da ya faɗa don alfahari ya koma hujja a hannun masu cewa su baƙi ne, tunda yanzu ba a san wa ɗan Alhaji yake rubuta wa ba. Ya yi sallama ya tashi. A hanya ƙwalla ta cika masa ido, tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, sai ya tsaya gaban mai bokiti yana taya abin da ba ya bukata har ta koma.

Wata takwas suka cika yana da takarda huɗu. Ɗaya ta Ikram ce, wadda ta sa hannu don ya bar ta ta yi ɗinkinta. Ɗaya ta gwaggonta. Ɗaya ta wani limami da ya yi masa wa'azin minti arba'in kan falalar haƙuri bai ambaci mutum ko ɗaya ba. Ta huɗun ta wani mutum ce da ya sa wa masu bincike tara hannu kafin Yahuza, kowa kuma labari daban ya ba shi. Ya kai wa Farfesa kukansa, ya roƙi a bar shi ya koma kan tarihin. Farfesa ya shafa kai ya ce abin ya fita daga hannunsa, yana hannun masu tallafi, tarihin kuma wa zai ba shi, tunda shi da bakinsa ya ce tsohon ya rufe? Gaba kura, baya sayaki. Abin da kawai ya iya yi masa shi ne ya rubuta wa ƙungiyar cewa ɗalibin yana bukatar taimako.

Taimakon ya sauka daga jirgi bayan wata guda: wata Baturiya mai furfura, gogaggiyar mai bincike, da mayafin da ta saya tun a hanya, da tafinta ɗan garin Berberati wanda bai san kowa a Bangui ba. Yahuza ya so ya tsane ta, abin ya ƙi. Mace ce mai ladabi, tana cire takalmi ba a ce mata ba, tana cin tuwon rogo da hannu ba ta yamutsa fuska. Aikinsa shi ne ya kai ta ƙofa ya gabatar da ita. Ya fara da telan nan, don ta ga irin dutsen da yake sara. Tela ya saurari bayaninta, ya tambayi yaushe za ta koma ƙasarsu. Ta ce bayan mako shida. Ya tambaya ko za ta dawo, ta ce da wuya. Sai ya laluba aljihu ya fito da tabarau. Ya sa hannu, sannan ya juya ya ce, cikin ladabi, ko Dokta zai ɗan sha iska a waje.

Haka aka yi ta yi. Hajiya mai atamfa ta yi awa biyu da ita. Hussaini ma ya rufe kanti ya ba ta awa guda. Ashe mutanen nan a cike suke, shekara goma suna neman inda za su juye ba su samu ba. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba; wa zai ji tsoron raɓa? A mako huɗu ta haɗa hira arba'in da ɗaya. Yahuza kuwa ya san bencin ƙofar kowane gida, wanda ƙusa ta yi tsiri a kansa da wanda ƙafarsa ɗaya ta gaza. Da ya tambaye ta ko za a sa hirarrakin cikin sittin ɗinsa, sai ta nuna masa takardun. A layin da aka tambayi wa aka amince ya ji, mutane sun sa an rubuta sunanta ita kaɗai, da yawa kuma sun sa an ƙara da cewa ban da ɗan Alhaji Ja'afaru. Ta ce abin ya yi mata ciwo, ya kuma ga gaskiya take faɗa. Ƙa'idar da aka koya masa a otal ce, bai da abin cewa.

Wasiƙar ƙungiya ta zo ana saura mako guda baƙuwar ta tafi. Ba za a sabunta tallafin digiri ba. Amma an yaba da yadda ya buɗe mata ƙofofi, don haka ana yi masa tayin aikin shekara biyu, mai rakiyar masu bincike, da albashi duk wata da katin shiga ofis. Wasu baƙin uku suna tafe bayan salla. Ikram ta sa ya karanta mata sau biyu, ta ce ai ga aikin da ake nema ya samu, me kuma ya rage? Ya naɗe wasiƙar ya kai wa Farfesa. Farfesa ya ce ya karɓa, digiri ba ya gudu, ya faɗa yana kallon takardun da ke kan teburinsa.

Ana jibi za ta tafi, Alhaji Ja'afaru ya kira shi da safe. Tunda aka fara wannan aiki Yahuza bai taɓa kawo wa ubansa takardar ba, nauyi da tsoro sun hana shi, shi ma tsohon bai taɓa tambayar yadda abin ya kaya ba. Ya ce ya ji ana ta zancen matar nan, yana so a kawo masa ita bayan azahar. Wani ɗan fata ya ɗago wa Yahuza kai, irin wanda mutum ke jin kunyar a gan shi da shi. Nan fa gidansu ne, maganar kuma ta ƙaninsa ce.

Ya kawo ta da tafintanta. Alhaji ya karɓe su a falonsa, ya sa aka kawo lemo, ya saurari takardar har ƙarshe, ya rubuta sunansa da ajami a hankali. Sannan ya ɗago ya dubi ɗansa, ya ci gaba da dubansa. Yahuza ya fita ya ja ƙofa.

Awa biyu ya yi a dakalin ƙofar gida yana kallon babura suna wucewa. Da baƙuwar ta fito idanunta sun yi ja, tafintan kuwa ko kallon Yahuza bai iya yi ba. Ta tsaya gabansa kamar za ta ce wani abu, ta yi masa godiya da Sangonta na mako shida, ta shiga mota.

Ya shiga ya tarar da ubansa zaune yadda ya bar shi, sai dai kamar an sauke masa buhu daga ka. Wannan sauƙi da ya gani a fuskar tsohon shi ya fi yi masa ciwo. Ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Baba, ni ɗanka ne. Ƙanina ne kwance a bayan gidan nan. Shekara bakwai ina tambaya. Yau ka ɗauka ka ba wadda ko sunansa ba ta iya faɗa daidai ba."

Alhaji ya ajiye carbinsa. Ya ce ya san karatun ya lalace, da hannunsa kuma a ciki, in ya ce yana da abin da zai gyara masa da shi ya yi ƙarya.

"Ita jibi za ta hau jirgi da maganar, Yahuza. Kai kuwa kullum kana gaishe da mutumin. Ni shekara tara ina koyon amsa gaisuwarsa. Ɗa ɗaya ya rage mini. Ba zan ɗora maka ba."

Sai a lokacin Yahuza ya gane wanda ya kashe Rilwanu ɗan unguwa ne. Duk shekarun nan yana zaton wani ne daga ƙetaren gada, wanda bai san sunansa ba, ba kuma zai taɓa ganin fuskarsa ba. Yana nan durƙushe aka yi sallama a ƙofar gida, murya uku, maƙwabtan da kan biyo wa Alhaji kullum su tafi la'asar tare. Tsohon ya amsa musu da murya sake, ya ce su shigo, ya ce wa Yahuza ya kawo wa mutane ruwan alwala. Yahuza ya tashi ya cika buta uku. Ya miƙa wa kowannensu da hannu biyu, ya rusuna ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, suka amsa, suna tambayarsa ya karatu.